Yadda Ake Sauya Sunan Fayil da Ƙaurar da Folda a Git Ba Tare da Tarihi Ya Yanke Ba

Git, manhajar da ke adana tarihin sauye-sauyen fayilolin aiki, ba ya rubuta a ko'ina cewa ka sauya wa fayil suna. Ko ka yi da `git mv`, ko ka ja fayil ɗin da linzami daga wannan folda zuwa waccan, abin da ke shiga rumbun aikinka, wato inda Git ke tara tarihin aikin, ɗaya ne: a ajiyar jiya akwai suna kaza, a ta yau babu shi, ga kuma wani sabon suna ya bayyana. Shi ke nan. Duk wanda ya riƙe wannan a ransa, sauran abin da zan faɗa zai zo masa da sauƙi.

Da gangan Linus Torvalds ya gina shi haka tun 2005. Abin da ke cikin fayil ana adana shi ne a wani ƙulli da ake kira `blob`, kuma babu suna a jikinsa. Sunaye suna cikin wani ƙullin daban, `tree`, wanda jeri ne kawai na cewa suna kaza yana nuni ga ƙulli kaza. Kowace ajiya, wato abin da `git commit` ke ƙullawa, hoton aikin ne gaba ɗaya a wannan lokacin. To idan ka zo neman tarihi, sai Git ya ɗauki hotuna biyu ya jera, ya duba fayilolin da suka ɓace da waɗanda suka bayyana, ya auna kamanninsu. Idan kamar ta kai kashi 50 cikin 100, sai ya ce wannan ƙaura ce. Yana yi ne kamar makiyayin da ke gane saniyarsa a garken wani ta launi da ƙaho, ba don an rataya mata suna ba. Idan ka canza mata kamanni a ranar da ta ƙaura, ba zai gane ta ba.

Aikinka kenan: ka sauƙaƙa masa ganewar. Bari mu ɗauki ƙaramar manhajar lissafin shago mu bi ta daga farko.

```
shago/
  lissafi.py
  bashi.py
  rasit.py
  hotuna/
    tambari.png
    kati.png
```

Muna so `lissafi.py` ya koma `kudi/ciniki.py`, foldar `hotuna` kuma ta shiga ƙarƙashin wata sabuwar folda mai suna `kaya`.

Mataki na farko: share fage, ka kuma duba wa ke aiki a wurin

Kada ka fara ƙaura alhali akwai gyaran da ba ka ajiye ba. Buga `git status`. Idan akwai saura, ajiye shi ko ka jingine shi da `git stash`. Sannan ka jawo na abokan aiki, ka buɗe reshe na musamman:

```
git switch main
git pull
git switch -c gyaran-foldoji
```

Akwai abin da mutane da yawa ke tsallakewa a nan, kuma shi ne ke jawo rigima daga baya. Duba rassan da ba a haɗe ba tukuna:

```
git branch -r --no-merged main
```

Duk reshen da ya fito a jerin nan, mai yiwuwa wani yana gyara fayil ɗin da kake shirin ɗaukewa. Idan fayil ɗaya ne ko biyu, ba damuwa, Git zai iya da su. Idan kuwa foldoji ne manya, ka yi wa mutanenka magana tun kafin ka taɓa komai. Wanda aikinsa ya kusa ƙarewa ya haɗe nasa tukuna. Saƙo guda a zauren aikinku ya fi yinin da za a ɓata ana warware cin karo.

Mataki na biyu: yi ƙaurar

`git mv` ba ya ƙirƙirar foldar da za a shiga, don haka sai ka fara yin ta da kanka. Ƙara `-n` a karon farko don ya nuna maka abin da zai yi ba tare da ya yi ba:

```
mkdir kudi kaya
git mv -n lissafi.py kudi/ciniki.py
git mv lissafi.py kudi/ciniki.py
git mv hotuna kaya/
```

Lura da layin ƙarshe. Da yake `kaya` tana nan, sai `hotuna` ta shiga cikinta, ta zama `kaya/hotuna`. Da a ce babu `kaya`, ka kuma buga `git mv hotuna kaya`, to sunan `hotuna` ne zai sauya ya zama `kaya`. Umarni kusan ɗaya, sakamako biyu. Shi ya sa `-n` ke da amfani.

Idan kuma ka riga ka yi ƙaurar ta cikin editarka ko ta tagar foldoji ta Windows, ba abin da ya lalace. `git status` zai nuna maka tsohon a matsayin wanda aka goge, sabon kuma a matsayin baƙon da bai sani ba. Sanar da shi duka biyun:

```
git add lissafi.py kudi/ciniki.py
```

Tsohon sunan ma sai ka ba shi, duk da ba ya nan, domin ta haka ne gogewar za ta shiga layin ajiya. Sake buga `git status`, za ka ga layukan biyu sun dunƙule sun zama ɗaya: `renamed: lissafi.py -> kudi/ciniki.py`. `git mv` bai wuce wannan ba: ya matsar da fayil, ya cire tsohon suna, ya shigar da sabo.

Mataki na uku: auna kamannin kafin ka ajiye

```
git diff --staged --name-status
```

Abin da kake son gani shi ne wannan:

```
R100  lissafi.py           kudi/ciniki.py
R100  hotuna/kati.png      kaya/hotuna/kati.png
R100  hotuna/tambari.png   kaya/hotuna/tambari.png
```

`R` na nufin ƙaura, lambar kuma ita ce kamannin. `R100` ba a taɓa ko harafi ɗaya ba. `R092` an ɗan taɓa. Idan ka ga `D` a layi ɗaya da `A` a wani, Git bai gane ba, yana ganin ka goge wani fayil ka kawo sabo. Dakata a nan, kada ka ajiye.

Shawarar da aka saba bayarwa ita ce a yi ƙaura ita kaɗai a ajiya guda, gyara ya biyo baya a wata. Shawara ce mai kyau, amma tana da farashi. Da zarar `lissafi.py` ya ƙaura, layin `import lissafi` da ke cikin `rasit.py` ya karye, manhajar ba za ta tashi ba a wannan ajiyar. Ranar da wani zai yi farautar kuskure da `git bisect`, umarnin da ke sa a gwada tsofaffin ajiya don gano wadda ta kawo kuskuren, idan ya faɗa kan wannan ajiya, gwajinsa zai faɗi saboda dalilin da ba shi yake nema ba.

Ni abin da nake ganin ya fi shi ne a raba gyara gida biyu. Gyaran da ƙaurar ta tilasta, kamar layukan `import` a sauran fayiloli da layi ɗaya ko biyu a cikin wanda ya ƙaura, ya tafi tare da ita. Kamannin zai sauka zuwa casa'in da wani abu, kuma wannan ya wadatar. Abin da bai kamata ya shiga ba shi ne sake rubuta ayyuka, sauya sunayen masu canji, ko sakin manhajar gyaran tsari irin Black ko Prettier a kan fayil ɗin. Waɗannan kan taɓa kusan kowane layi. Git yana auna kama ne gutsure-gutsure, galibi layi-layi, don haka ko tazarar farkon layi ka sauya a ko'ina, a wurinsa fayil ɗin ya zama wani daban.

Ƙananan fayiloli su ne abin tsoro. Fayil mai layi 400 zai jure gyaran layi 20. Mai layi 10 kuwa, ka taɓa shida, ya faɗo ƙasa da rabi. Irin waɗannan ka ƙaurar da su tsura, ko da za a samu ajiya ɗaya da ba ta tashi.

Mataki na huɗu: bi sawun duk abin da ke kiran tsohon suna

```
git grep -n "lissafi"
git grep -n "hotuna/"
```

Layukan manhajar su ne masu sauƙi, domin da ka tayar da ita za su yi ƙara. Masu haɗarin su ne waɗanda ke yin shiru.

Fara da `.gitignore`, jerin fayilolin da aka ce wa Git kada ya bibiya. A ce akwai layi a ciki da ke cewa `saiti/sirri.env`, fayil ɗin da ke riƙe da kalmar sirrin ma'ajiyar bayanai, ka kuma ƙaurar da `saiti` zuwa `kaya/saiti`. `git mv` yana ɗaukar folda ne dungurungum a kan faifanka, har da fayilolin da Git ba ya bibiya. Yanzu sirrin yana sabon wuri, dokar ɓoye shi kuma tana kallon tsohon. Wanda ya buga `git add -A` bai duba ba, ya tura kalmar sirrin ga duk mai iya karanta rumbun. Idan hakan ta faru, goge fayil ɗin bai isa ba, domin yana cikin tarihi. Sai an sauya kalmar sirrin kanta. Don Allah gyara `.gitignore` a cikin ajiyar ƙaurar, kada ka bar shi sai gobe.

Sai `.gitattributes`. Idan kuna amfani da Git LFS don manyan fayiloli, dokarsa na iya zama a ɗaure da hanya, kamar `hotuna/*.psd`. Bayan ƙaura, manyan fayilolin da za a ƙara a sabon wurin za su shiga rumbun kai tsaye, ya yi ta kumbura ba wanda ya lura. Haka ma `CODEOWNERS`, da fayilolin `.github/workflows` masu tayar da gwaji idan an taɓa wata folda, da layukan `COPY` na `Dockerfile`, da mahaɗan da ke cikin `README`.

Idan ka gama, tayar da gwaje-gwajenka, sannan ka ajiye da saƙon da ke ɗauke da sunayen biyu:

```
git commit -m "Mayar da lissafi.py zuwa kudi/ciniki.py, hotuna zuwa kaya/hotuna"
```

Tunda Git bai rubuta ƙaurar ba, saƙon nan shi ne kaɗai wurin da niyyarka ta zauna a rubuce.

Mataki na biyar: tabbatar tarihin yana nan

Buga wannan, kada kuma gabanka ya faɗi:

```
git log --oneline -- kudi/ciniki.py
```

Ajiya ɗaya tal za ka gani, ta ƙaurar. Tarihin bai ɓace ba, kai ne ka tambayi tarihin wani suna, sunan kuma yau aka haife shi. Ce masa ya bi fayil ɗin:

```
git log --oneline --follow -- kudi/ciniki.py
```

Yanzu zai tsallaka ƙaurar ya ci gaba da tsohon suna. Idan ya tsaya a wata tsohuwar ƙaura da aka haɗa da gyara mai yawa, rage masa ma'auni da `-M30%`. Kada ka sauke shi sosai, domin zai fara haɗa fayilolin da ba su da dangantaka, musamman masu dogon rubutun lasisi iri ɗaya a samansu. Wanda ya gaji da buga `--follow` kullum zai iya saita `git config --global log.follow true`.

`--follow` fayil ɗaya kawai yake bi. Ba ya bin folda. Don ganin tarihin folda, ba shi tsohuwar hanya da sabuwa tare:

```
git log --oneline -- hotuna kaya/hotuna
```

Ɗigon `--` ɗin nan wajibi ne, domin `hotuna` ba ta nan yanzu, in babu shi Git ba zai san ko sunan reshe kake nufi ba.

`git blame`, mai nuna wanda ya taɓa kowane layi a karo na ƙarshe, shi ba ya buƙatar a ce masa komai, yana tsallaka ƙaurar fayil da kansa. Inda yake buƙatar taimako shi ne idan ka tsaga fayil gida biyu, misali ka kwashe rabin `ciniki.py` ka kai `rangwame.py`. Nan sai ka ƙara `-C`, ya nemi asalin layukan a sauran fayilolin da aka taɓa a wannan ajiyar. Maimaita shi, `-C -C -C`, yana faɗaɗa binciken har zuwa kowace ajiya, sai dai yana ɗaukar lokaci a babban rumbu. Idan kuma so kake ka ga duk ƙaurar da aka taɓa yi a aikin, `git log --diff-filter=R --summary` zai jero maka su. Mai son karanta fayil ɗin kamar yadda yake kafin ƙaura, da tsohon suna zai nema: `git show a1b2c3d:lissafi.py`, inda `a1b2c3d` ke wakiltar lambar wata ajiya ta kafin ƙaurar.

Mataki na shida: haɗewa, inda ake yin ta

A ce abokiyar aikinka ta buɗe reshe tun makon jiya tana gyara `lissafi.py`. Kai ka haɗe ƙaurarka cikin `main`. Ita yanzu ta buga `git merge main` a reshenta. A mafi yawan lokuta ba abin da zai faru sai alheri: Git zai gane ƙaurar, ya ɗauki gyaranta ya zuba cikin `kudi/ciniki.py`.

Idan kuma ta ƙara sabon fayil, `hotuna/talla.png`, a foldar da kai ka ɗauke fa? Shekaru da yawa Git kan sake tayar da tsohuwar foldar da wannan fayil shi kaɗai a ciki. Daga siga ta 2.18, a 2018, aikin Elijah Newren ya sa ya fara gane ƙaurar folda lokacin haɗewa. A sigogin yanzu zai kai fayil ɗin `kaya/hotuna/talla.png`, amma ya tsaya ya nemi amincewa da saƙon da ke farawa da `CONFLICT (file location)`. Wannan ba rikici ba ne na gaske, tambaya ce. Idan wurin ya yi daidai:

```
git add kaya/hotuna/talla.png
git commit
```

Saitin `merge.directoryRenames` ne ke riƙe da wannan hali. Asalinsa `conflict`, `true` na sa ya kai ba tambaya, `false` na kashe shi. Ni ina barinsa yadda yake, gara a tambaye ni. Ka kuma sani cewa ganewar tana aiki ne idan tsohuwar foldar ta ɓace gaba ɗaya a ɓangaren da ya yi ƙaurar. Ka bar fayil ɗaya a cikinta, a wurin Git foldar ba ta ƙaura ba. Idan kuma ka rarraba fayilolinta wurare biyu, zai bi inda mafi yawansu suka tafi.

Yanzu ga wurin da ya fi kama mutane, har da waɗanda suka daɗe a harkar. Raba ƙaura da gyara a ajiya biyu yana taimakon `log` da `blame`, domin su ajiya-ajiya suke bi. `git merge` ba haka yake ba. Wuri uku kaɗai yake kallo: inda rassan suka rabu, ƙarshen wannan, da ƙarshen wancan. Abin da ya faru a tsakani bai dame shi ba. Saboda haka idan ka ƙaurar da fayil ranar Litinin tsaf, sannan ka sake rubuta shi ranar Laraba, wanda ya zo haɗewa ranar Juma'a zai tarar Git yana kwatanta tsohon `lissafi.py` da `ciniki.py` na Laraba. Ba su yi kama ba, sai ya ce `CONFLICT (modify/delete)`: ita ta gyara, kai ka goge.

Mafita biyu ce. Ta farko, a fasa a sake da ƙaramin ma'auni:

```
git merge --abort
git merge -X find-renames=30% main
```

Ta biyu ta fi inganci, kuma ita ce ladan wanda ya ware ƙaurarsa. A haɗe hawa-hawa. A ce lambar ajiyar ƙaurar ita ce `a9f3e21`:

```
git merge a9f3e21^
git merge a9f3e21
git merge main
```

Layin farko ya kawo duk abin da ya gabaci ƙaurar. Na biyu ya kawo ƙaurar ita kaɗai, wadda Git zai gane ba wahala. Zuwa layi na uku, ɓangarorin biyu suna kiran fayil ɗin da suna ɗaya, ba sauran zato. Za a iya samun cin karo a cikin layuka, amma irin wanda aka saba warwarewa ne.

Wannan dabara tana mutuwa idan an matse reshenka ya zama ajiya ɗaya wajen haɗewa, kamar yadda maɓallin matsewa na GitHub da GitLab ke yi. Matsewa na narkar da ƙaura da gyara wuri guda, wahalar da ka sha wajen rabawa ta tashi a banza. Idan al'adar aikinku ce a matse kowane reshe, to ƙaurar ta samu nata reshen da buƙatar haɗewarta daban, a haɗe ta, sannan a buɗe wani don gyaran.

Sauran cin karon ba su da wuyar fahimta. `rename/rename` na nufin ku biyu kun ba fayil ɗaya suna daban-daban. Ku zaɓi ɗaya, a yi `git rm` ga ɗayan, a tabbatar gyaran kowa ya shiga wanda ya rage. `rename/delete` kuma wani ya ƙaurar, wani ya goge. Wannan ba umarni ke warware shi ba, sai kun yi magana.

A manyan rumbuna akwai iyaka ga yawan fayilolin da Git zai tsaya aunawa ɗaya bayan ɗaya, domin aikin na ninkuwa da yawansu. A sigogin yanzu iyakar 1000 ce ga `diff`, 7000 ga haɗewa. Idan an wuce, zai yi gargaɗi cewa ya tsallake binciken, har ya faɗi lambar da za ta isa. Ɗaga masa na wannan karon:

```
git -c merge.renameLimit=20000 merge main
```

Ƙaurar da ba a taɓa cikinta ba, mai `R100`, ba ta shiga wannan iyaka, domin lambar ƙullin ɗaya ce, ganewar ba ta buƙatar awo. Idan kuma Git ɗin da ke kwamfutarka ya girmi siga ta 2.34 ta ƙarshen 2021, sabunta shi. Daga nan ne sabon injin haɗewa mai suna `ort` ya zama na asali, kuma ya fi na da sauri nesa ba kusa ba a aikin da ƙaura ta yi yawa.

Abu ɗaya da za ka gaya wa abokan aiki bayan sun jawo: tsohuwar foldar na iya ci gaba da zama a kwamfutarsu. Git na kwashe fayilolin da yake bibiya ne kawai, duk wani nasu na gida da ke ciki zai zauna. Su duba, su kwashe abin da suke so, su goge ta da hannu.

Babban baƙi da ƙarami

Windows da macOS, a yadda aka saba saita su, ba sa bambanta `Rasit.py` da `rasit.py`. Linux na bambantawa, sabar da za ka ɗora aikin a kai kuma galibi Linux ce. Sai ka ga manhaja na tashi lafiya a kwamfutarka, a kan sabar tana cewa ba ta ga fayil ba. Idan ka sauya baƙin ta tagar foldoji, Git ba zai lura ba. Da shi za ka yi:

```
git mv Rasit.py rasit.py
```

Folda kan ƙi wannan, sai an bi ta wani suna na wucin gadi:

```
git mv Hotuna wucin-gadi
git mv wucin-gadi hotuna
```

`git ls-files` ne ke nuna sunan da Git ke riƙe da shi a zahiri, ba wanda tagar foldoji ke nunawa ba. Don gano ko akwai fayiloli biyu da baƙi kaɗai ya raba su, `git ls-files | sort -f | uniq -di` zai tona su. Za ka ci karo da masu cewa a kashe `core.ignorecase`. Kada ka yi a Windows ko macOS. Git ne ya saita shi da kansa bayan ya gwada faifanka, kashe shi kan sa fayil ɗaya ya shiga rumbu da suna biyu.

Mu masu rubutu da ƙ, ɗ, ɓ da ƴ muna da namu ƙarin. Ka sa wa folda suna `kuɗi`, `git status` zai nuna maka `"ku\311\227i/ciniki.py"`. Sunan bai lalace ba, nuni ne kawai, kuma `git config --global core.quotepath false` na gyara shi. Duk da haka ka lura a misalin nan `kudi` na rubuta. Ga takardu da rubuce-rubuce, a sa baƙaƙenmu yadda suke. Ga foldar da manhaja za ta riƙa kira, wadda kowa a aikin zai buga sunanta a allon umarni, ba kowa ke da madannai masu lanƙwasa ba.

Foldar da ba komai a ciki

Git ba ya ajiye folda don kanta. Tana wanzuwa ne muddin akwai fayil a ƙarƙashinta. Ka yi `mkdir rahoto`, `git status` ba zai ce uffan ba, `git mv` ma zai ƙi ɗaukarta. Ka goge fayil na ƙarshe a wata folda, za ta ɓace wa duk wanda ya jawo.

Idan manhajar na buƙatar foldar tun farko, sa mata wani abu. Mutane sun saba da fayil marar komai mai suna `.gitkeep`. Al'ada ce kawai, Git bai san sunan ba, kowane suna zai yi. Ga foldar da manhaja za ta riƙa zuba abubuwan da ba a so su shiga rumbu, kamar rahotanni, ya fi kyau a sa `.gitignore` a cikinta mai layi biyu:

```
*
!.gitignore
```

Foldar za ta zauna, abin da ke cikinta kuma ba zai shiga ba.

Idan kana son janyewa

Kafin ajiya, juya umarnin kawai: `git mv kudi/ciniki.py lissafi.py`. Bayan ka tura kuma wasu sun jawo, `git revert` a kan ajiyar ƙaurar zai mayar da komai ba tare da an taɓa tarihin kowa ba.

Wanda ya tarar da Subversion ko Mercurial a wurin aiki

Duk abin da na faɗa na cewa ƙaura da hannu ba ta da illa, na Git ne kaɗai. Subversion, wata manhajar adana tarihi irin Git da aka gina don ta gaji tsohuwar da ake kira CVS, yana bibiyar foldoji a matsayin abu mai tarihin kansa, har marar komai, yana kuma rubuta ƙaura a matsayin kwafi mai tarihi tare da gogewa. Dalili kuwa, a CVS babu hanyar sauya suna. Mutane kan shiga sabar su matsar da fayilolin `,v`, inda CVS ke ajiye tarihin kowane fayil, da hannu, tsofaffin sigogi su karye. A Subversion dole ka yi da `svn move`. Ka ja da linzami, `svn status` zai nuna `!` a tsohon da `?` a sabon, idan ka goge tsohon ka shigar da sabon ka ajiye a haka, tarihin ya yanke da gaske. Mayar da fayil ɗin wurinsa ka sake da umarnin, sannan ka ajiye daga foldar da ta rufe wuraren biyu, domin tun siga ta 1.8 ba ya yarda a ajiye rabin ƙaura. Mercurial ma yana rubuta ƙaura, da `hg mv`, amma yana da rangwame: wanda ya riga ya matsar da hannu zai iya buga `hg mv --after tsoho sabo`, ko `hg addremove --similarity 90` ya nemo masu kama da kansa.

Cire folda ta zama rumbun kanta

Wata rana `kaya/hotuna` za ta iya girma har a so ta tsaya da ƙafarta. Kayan aikin da ya dace shi ne `git filter-repo`, wanda ake girkawa daban. Yi a kan sabon kwafin rumbun, ba wanda kake aiki a ciki ba, domin yana sake rubuta tarihi, lambar kowace ajiya za ta sauya. Shi ma da suna yake tacewa, ba ya bin ƙaura. Ka ba shi sabuwar hanya kaɗai, sabon rumbun zai fara ne daga ranar ƙaura, duk shekarun baya su zube. Nemo tsofaffin sunayen da `git log --diff-filter=R --summary`, ka ba shi dukansu:

```
git clone adireshin-rumbu rumbun-hotuna
cd rumbun-hotuna
git filter-repo --path hotuna/ --path kaya/hotuna/
```

Kafin ka tura shi sabon gidansa, buga `git log --follow` a kan tsohon fayil guda, kamar `kaya/hotuna/tambari.png`, ka ga ko ya kai ka har ranar da aka fara shigar da shi.